Daga Gizagon Mutisya Zuwa Ɗan Kunnen Dogon Yaro: Tarihin Masassaƙan Kenya

Duk wanda Allah ya sa ya taɓa ratsawa ta filin jirgin saman Nairobi, ko kuwa wani nasa ya je can ya kawo masa tsaraba, da wuya a ce bai ga waɗansu 'yan kayan katako ba: raƙumin dawa mai siririn wuya, giwa da 'ya'yanta a jere, manyan cokula biyu masu kan mutum a mariƙa, warwaro, duwatsun wuya, da 'yan kunne baƙaƙe wuluk masu ratsin fari a gefe. Mai saye yakan ɗauka sana'ar kaka da kakanni ce wadda ba a san farkonta ba, mai sayarwa kuma ba zai ƙaryata shi ba tunda ciniki yake nema. Alhali kuwa, mai karatu, wannan sana'a shekarunta ɗari da 'yan kai ne kacal, an san garin da ta fara, an san sunan mutumin da ya fara ta, an kuma san dazuzzukan da ta cinye kafin masu ita su farga.

Masu sana'ar su ne Akamba, ƙabilar da ke zaune gabas da Nairobi, a yankunan Machakos da Kitui da Makueni. Ƙasarsu busasshiya ce, damina ba ta da tabbas, yunwa kuma ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Tun a ƙarni na 19 an san su da fatauci, suna ɗauko hauren giwa daga cikin ƙasa su kai bakin teku, su komo da tufafi da waya da tsakiya, kamar dai yadda fataken Kano suke yi da goron Gwanja. Wani madugunsu mai suna Kivoi shi ne ya karɓi baƙuncin Bajamushen nan ɗan mishan, Krapf, wanda ya hango Dutsen Kenya a 1849. Da Ingilishi suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya tsakanin 1896 da 1901, sai fataucin ƙafa ya mutu, mazan Akamba suka shiga neman abin yi. Da yawansu suka shiga soja da ɗan sanda. Sassaƙa kuwa suna yi, amma ta gida ce: kujeru masu ƙafa uku na dattawa, ludayi, sanda, da amya ta gungumen itace.

Sai ga yaƙin 1914. Jamusawa suna riƙe da ƙasar da daga baya ta zama Tanganyika, kwamandansu Lettow-Vorbeck kuma ya yi ta wasan ɓuya da Ingilishi shekara huɗu cur, bai ajiye makami ba sai ranar 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an gama yaƙi a Turai. Dajin ba hanyar mota, ƙudan tsando kuma yana kashe dawaki da alfadarai, don haka komai a kan ɗan Adam ake ɗauka, tun daga harsashi har shinkafa. Ingilishi suka kafa rundunar 'yan dako da suka kira Carrier Corps, suka kwashi mutane da ƙarfin tsiya, dubun-dubatar cikinsu kuma suka mutu saboda yunwa da atuni da zazzaɓi. Har yau sunan rundunar yana nan maƙale a unguwar Kariokor ta Nairobi da kasuwar Kariakoo ta Darussalam. Mu ma muna da gawa a wannan daji, domin kuwa sojojin Nijeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun sauka Darussalam a ƙarshen 1916, kuma an yi musu mummunar ɓarna a karon Mahiwa cikin Oktoba 1917.

Cikin waɗanda yaƙin ya kwasa akwai wani mutumin Wamunyu, wani ƙauye a kan hanyar Machakos zuwa Kitui, sunansa Mutisya Munge. Dama can yana taɓa sassaƙa a gida. A kusa da Darussalam ya haɗu da masassaƙan ƙabilar Zaramo, waɗanda 'yan mishan na Jamus suke ƙarfafa wa gwiwa su sassaƙa 'yan mutum-mutumi na baƙin itace su sayar wa Turawa. Abin da Mutisya ya gano a wurinsu bai wuce abu ɗaya ba: ashe Bature zai fitar da kuɗi ya sayi itacen da ba ya zama a kai, ba ya cin abinci da shi, sai dai ya ajiye a kan kanta yana kallo. Da ya komo gida sai ya kama aiki, yana sassaƙa dattawa da askarawa da mata masu goyo, yana kai wa jami'an mulkin mallaka da matansu. Yadda masassaƙan Wamunyu suke ba da labarin, da farko ɓoye aikin ya yi, ya keɓe kansa don kada a koya, daga baya ya koya wa ɗansa da danginsa, maƙwabta kuma suka leƙa suka ɗauka. Ya rasu a 1927, bai ga inda abin ya kai ba.

Abin da ya tura mutane cikin sana'ar gadan-gadan shi ne talauci. A shekarun 1930 fari da fara da zaizayar ƙasa suka taru a kan Akamba, ga ƙasar noma mai kyau tana hannun Turawa 'yan kaka-gida. A 1938 gwamnati ta ce shanunsu sun yi wa ƙasa yawa, ta shiga ƙwacewa da ƙarfi, har dubban mutane suka yi tattaki zuwa Nairobi suka yi zaman dirshan na makonni, jagoransu Muindi Mbingu kuma aka kama shi aka kai Lamu. Mutumin da gonarsa ba ta ci da shi, shanunsa kuma ba su da tabbas, idan ya ga maƙwabcinsa ya sayi keke da gizago da guntun itace, ai ba sai an yi masa wa'azi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cika Kenya da sojojin Ingila masu neman tsarabar da za ta shiga jaka, haka ma zamanin dokar ta-ɓaci ta Mau Mau daga 1952 zuwa 1960. Jinin fatauci kuma ya motsa. Wani masanin tattalin arziki na Makerere, Walter Elkan, ya yi rubutu a kan cinikin a 1958, ya nuna yadda dillalan Akamba suke yawo da kayan har ƙasashe maƙwabta, da yadda ake aika su Ingila da Amurka. A wannan zamani ne aikin ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma na layi: wannan ya fafe siffa da gizago, wancan ya bi da wuƙa, wani ya goge da magagari, wani ya bi da samfefa, na ƙarshe ya shafa man takalmi ko kakin zuma ya goge har ya yi ƙyalli. Mutum ɗaya yana iya shekara goma ba abin da yake fitarwa sai barewa. Bayan samun 'yancin kai a 1963 aka kafa ƙungiyoyin gama-kai a Wamunyu da Nairobi da Mombasa, ta unguwar Changamwe a Mombasa ita ce ta fi girma, inda dubban maza suke zaune a ƙasa ƙarƙashin rumfuna, ba abin da kake ji sai sarar gizago.

Masana zane na Turai sun raina kayan, suka laƙaba musu suna fasahar filin jirgi. Sun fi girmama aikin Makonde, mutanen da suka ƙetaro daga arewacin Mozambik zuwa gonakin rama na Tanganyika, waɗanda a ƙarshen shekarun 1950 suka fito da salon siffofin aljanu da ake kira shetani. Ni dai wannan raini bai taɓa gamsar da ni ba. Mutumin da ya biya wa 'ya'ya shida kuɗin makaranta da raƙumin dawa, ban ga dalilin da zai sa ya damu da ra'ayin mai gidan tarihi a Landan ba. Laifin sana'ar a wani wuri yake, wato a dajin da take ci.

Itatuwan da aka gina kasuwar a kansu kaɗan ne, kuma duk masu jinkirin girma. Sarkinsu shi ne mpingo, baƙin itacen da Turawa suke kira ebony na Afirka. Bishiya ce marar kyan gani, gajeruwa, karkatacciya, mai ƙaya, amma idan aka sare ta sai a ga ɓargonta baƙi ƙirin, kewaye da siririn farin nama. Nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa. Tun zamanin Fir'auna ake neman sa, domin an same shi a kayan ɗakin kabarin Tutankhamun da aka buɗe a 1922, kuma daga sunan da Misirawan dauri suke kiran sa ne aka sami abnus na Larabci da ebony na Turanci. Yana ɗaukar shekara 70 zuwa 100 kafin ya isa sara. Na biyu shi ne muhugu, wanda ake gaya wa 'yan yawon buɗe ido cewa mahogani ne, alhali ba shi ba ne. Na uku zaitun daji, mai zane-zane kamar an ɗiga tawada a ruwa, wanda ake yin akussa da cokula da shi.

Mpingon kewayen Wamunyu shi ya fara ƙarewa. Aka koma kan muhugu na dazuzzukan Ngong da Karura a bakin Nairobi, da na Arabuko-Sokoke kusa da Malindi, wanda shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin bakin tekun Afirka ta Gabas, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 420, kuma gidan wani ɗan ƙaramin mujiya da ba a samun sa sai a 'yan wurare ƙalilan a duniya. Da na Kenya ya yi ƙaranci, sai aka shiga satar shigo da gungume daga Tanzaniya. A tsakiyar shekarun 1990 masu binciken wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin hukumar UNESCO da asusun WWF da lambun Kew na Ingila suka zauna suka yi lissafi. Suka ƙiyasta masassaƙa kimanin 60,000, masu ci daga hannunsu sun haura 300,000, kayan da ake fitarwa waje sun kai dala miliyan 20 a shekara, bishiyoyin da ake kayarwa kuma kimanin 50,000 duk shekara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kaurin gungumen da ke isowa rumfuna yana ta raguwa, wato an gama da iyaye an koma kan 'ya'ya. A 1999 gwamnatin Moi ta hana sarar katako a dazuzzukan gwamnati, abin da ya ƙara wa itacen tsada, ya kuma ƙara wa masu fasa-ƙwauri riba.

To ina mafita? Masu binciken suka duba gonaki da bakin hanyoyi, suka ga itatuwan da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai: mangwaro, da jakaranda mai shuɗin fure, da wata bishiya 'yar Ostareliya da ake dasawa a gonakin kofi don inuwa, sai kuma uwa-uba bishiyar da Waswahili suke kira mwarobaini, wato mai arba'in, don sun ce tana maganin cuta arba'in. Mai karatu ya san ta sarai, wataƙila ma a inuwarta yake karanta wannan rubutu, domin ita ce dogon yaro, ko darbejiya, ko maina, ko bedi, gwargwadon garin da mutum ya fito. Daga Indiya ta zo musu kamar yadda ta zo mana, mu ta shigo ta Barno a 1928, a Nijar kuma da ita aka yi shingen tare iska na kwarin Majiya tun daga 1975. A bakin tekun Kenya tana fitowa da kanta ko'ina tsuntsu ya yar da ƙwallonta, tana kai girman sassaƙa cikin shekarun da ba su kai rubu'in na mpingo ba, idan an sare ta kuma kututturen ya sake tohowa. Aka sa wa waɗannan itatuwa suna itace nagari, aka shiga kamfe a wurin masassaƙa da kuma manyan masu saye na Turai da Amurka.

Masassaƙa ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba, kuma suna da hujja. Muhugu ana iya sassaƙa shi ɗanye ya bushe lafiya lau. Dogon yaro kuwa in aka sassaƙa shi da ruwansa, aka kai shi gidan Bature mai na'urar ɗumama ɗaki, sai giwa ta tsage daga ka har wutsiya, mai oda ya ƙi biya. Mangwaro shi kuma ga gara ga fumfuna. Sai da aka koyi busar da kayan sannu a hankali a ɗakunan shanya, aka koyi raba gungume ta yadda ba za a bar tsakiyarsa a cikin aiki ba. A 2005 manoman dogon yaro na bakin teku tare da ƙungiyar Changamwe suka sami takardar shaidar hukumar FSC, wadda ke tabbatar wa mai saye cewa an san gonar da itacen ya fito. An yi murna sosai a lokacin. Sai dai takarda irin wannan tana da tsada, kowane gungume sai an yi masa lamba an rubuta a littafi, mai saye a Turai yana yabon tsarin amma ba ya son ƙara ko sisi a kan farashi, shi kuwa muhugun sata yana nan yana shigowa da dare. Abin da ya ɗore ya fi takardar muhimmanci a ganina: dogon yaro ya zama itacen yau da kullum a rumfunan Mombasa da Malindi, manomi kuma ya gane cewa bishiyar bayan ɗakinsa kuɗi ce.

A nan ne kayan ado suka shigo labarin. Duk inda ake fafe giwa daga gungume, abin da ya zube ƙasa ya fi abin da ya rage a hannu, kuma a da masu dafa abinci ne suke saye su hura wuta. Da itace ya yi tsada sai aka fara tsince guntayen. Wanda ya kai tafin hannu a yi warwaro ko matsefi, wanda ya kai ɗan yatsa a yanka shi falle-falle da siririn zarto, a huda, a goge, a shafa kaki, a saƙala masa wayar tagulla ya zama ɗan kunne, ɓarɓashin kuma a mulmula shi a yi duwatsun wuya. Wurin da baƙin ɓargon mpingo ya haɗu da farin namansa, wanda a da ake sarewa a yar, shi ne ya zama abin so, don yana ba da launi biyu ba tare da fenti ba. Kasuwa ma ta buɗe musu ta wata fuskar: Kenya ta hana farauta a 1977, aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, shekarar da Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a, don haka warwaron haure ya bar kan kanta, na itace da na ƙashin saniya suka samu wuri. Ta wannan ƙofa ce kuma mata suka fi shiga sana'ar, domin gizago na maza ne tun zamanin Mutisya, amma guga da fenti da shirya tsakiya a zare ba wanda ya hana su.

A Tanzaniya ma akwai irin wannan rara, mai yawan gaske. Da mpingo ake yin sarewar Turawa irin su kilarinet da obo, masu yin su kuma ba sa karɓar guntun da ke da tsaga ko ƙulli ko kaɗan, ta yadda abin da injin yanka katako yake zubarwa kan kai kashi 90 cikin 100 na gungumen. Wani masanin tsirrai ɗan yankin Kilimanjaro, Sebastian Chuwa, ya kafa shirin dasa mpingo a 1996 tare da wani masassaƙi Ba'amurke, ya yi ta raba dashe ga makarantu da ƙauyuka har rasuwarsa a 2014, yana sane da cewa ba zai ga ranar saran ko ɗaya ba. A gundumar Kilwa kuma ƙauyuka suka karɓi ikon dazuzzukansu, a 2009 suka sami shaidar FSC, ƙauyen Kikole ya sayar da mpingonsa da kansa kuɗin ya shiga asusun gari. Daga farkon 2017 yarjejeniyar CITES ta sa duk dangin wannan itace cikin jerin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da izini. A wannan zama ne aka sa madobiyarmu, wadda 'yan katako a Taraba suke kira madrid, bayan an yi shekaru ana lodin ta zuwa Sin, har aka dakatar da Nijeriya daga cinikinta a 2018.

Akwai kuma itacen da ya riga ya yi rayuwa ɗaya ya gama. A Lamu da Zanzibar, jiragen ruwan nan masu filafilai da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin Afirka da Oman da Indiya, da katako mai ƙarfi ake ƙera su: tik na Indiya, da mvule wanda shi ne loko, da mbambakofi ɗan'uwan kawo. Ƙananan kwale-kwalen masunta kuma daga gungumen mangwaro ake fafe su. Idan jirgi ya tsufa akan bar shi a bakin gaɓa ya ruɓe ko a faskara a yi girki. Daga baya kafintoci suka fara sayen gawar jirgin suna yin tebura da gadaje da firam ɗin madubi, guntayen kuma su tafi wurin masu kayan ado. Katakon da ya sha gishiri da man kifi shekara da shekaru, ga ramukan ƙusa da baƙin tsatsa kewaye da su, ga hanyoyin da tsutsar ruwa ta haƙa, ba ya tsagewa kuma ba ya motsi, don ya gama duk bushewar da zai yi. Amma fa a nan ma sai an yi hattara. Da kasuwar tsohon katako ta yi daɗi, sai aka samu masu ƙona sabon katako su huda shi da ƙusa su ce na jirgi ne, aka kuma samu masu ɓalle tsofaffin ƙofofin gidajen Zanzibar masu zane su sayar wa baƙi. Wannan kam ba ceton itace ba ne, rushe gari ne, kuma yana cikin abubuwan da hukumomi suke yaƙi da su tun kafin UNESCO ta sa tsohon birnin Zanzibar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, Lamu kuma a 2001.

Sana'ar da ta dogara da baƙo kullum a kan siraɗi take. Harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi a 1998, da na otal ɗin Kikambala a 2002, da rikicin zaɓen 2007, da annobar korona a 2020, kowanne ya bar rumfuna cike da giwayen da ba mai taya su, masassaƙa da yawa suka koma gona ko acaɓa. A irin waɗannan lokuta ƙananan kaya ne suke riƙe gida, saboda ɗan kunne ɗari biyu suna shiga kwali ɗaya a aika ta jirgin sama, 'yan matan Nairobi ma suna saye, ba sai an jira Bature ba. Dokar katako ita ma ba ta zauna wuri ɗaya ba: an sake hana sara a 2018, shugaba Ruto ya ɗage hanin a 2023, kotu kuma ta taka masa burki a shekarar. A Wamunyu, inda Mutisya ya ɓuya da gizagonsa, ƙungiyar masassaƙa ta kafa wurin renon dashe a gefen rumfunan aiki, kuma cikin abin da suka shuka har da mpingo, wanda in ya yi rai jikokin jikokinsu ne za su sare shi.